Ƙirgar Ƙwayoyin Jinin Kirifish a Wani Ɗakin Gwaji a Kano: Daga Disamba Zuwa Mayu

Asalin aikin

Ɗaliba ce mai karatun digiri na biyu a sashen nazarin halittu na wata jami'a a Kano. Tambayar bincikenta ita ce: ruwan da ke fita daga majemun fata, me yake yi wa garkuwar jikin halittun ruwa? Wanda ya san Kano ya san inda tambayar ta samo asali. Ruwan masana'antun Sharaɗa da Challawa kogin Challawa yake nufa, na Bompai kuma yana bi ta rafin Getsi ya faɗa Jakara, ga shi jimar zamani da sinadarin kuromiyam ake yin ta. A irin wannan bincike an fi amfani da tarwaɗa, amma malamin da ke duba aikinta ya so a gwada wata halitta mai ɓawo, maras ƙashin baya.

Aka zaɓi kirifish na ruwan daɗi, nau'in Procambarus clarkii. Ba shi ne busasshen da ake sayowa a kasuwar Sabon Gari don miya ba. Wancan ƙananan jatan lande ne na bakin teku. Wannan ja ne, yana da hannaye biyu masu matsi irin na ƙaguwa, asalinsa kudancin ƙasar Amurka, musamman jihar Luwiziyana, da arewacin Meziko.

Jininsa, wanda masana ke kira himolimf, ba ja ba ne. Abin da ke ɗaukar iskar numfashi a cikinsa wani furotin ne mai jan ƙarfe, himosayanin, kuma a narke yake cikin ruwan jinin, ba a cikin ƙwayoyi ba. Shi ya sa jinin ke fitowa kusan garai, iska ta buge shi ya yi shuɗi-shuɗi. Babu jajayen ƙwayoyi ko ɗaya. Duk ƙwayar da aka gani ta tsaron jiki ce: su ke haɗiye ƙwayoyin cuta, su ke yi wa abin da ya fi ƙarfin haɗiya ƙawanya, su ke toshe rauni. Kirifish ba ya ƙera garkuwar da ke tuna cuta irin wadda riga-kafi ke ginawa a jikin mutum, don haka yawan waɗannan ƙwayoyi a mililita ɗaya na cikin ma'aunan farko da ake dubawa in ana son sanin halin da yake ciki. Lambar da ɗalibar ke nema ke nan.

Disamba: isowar dabbobin

Guda 60 aka kawo daga wurin wani mai sayar da kifin ado a Legas, a motar dare, cikin kuloli da jiƙaƙƙen buhu. Guda 11 suka mutu a makon farko. Sauran aka raba su a manyan robobi da ruwan burtsatse, aka zuba musu guntayen bututun roba na famfo don kowanne ya sami maɓoya, saboda wanda ya yi saɓa jikinsa na da laushi, 'yan uwansa cinye shi suke yi. Sanyin hunturu ya sa ba sa cin abinci sosai da safe. Aka bar su mako uku su saba.

Malamin ya kafa sharaɗi ɗaya tun ranar farko: babu kirifish ɗin da zai fita daga ɗakin da rai, ko ta magudanar ruwa. Yankin Afirka ba shi da kirifish na asali in ban da tsibirin Madagaska, kuma wannan nau'in da aka zuba a tafkin Naibasha na Kenya a 1970 ya cinye tsirran ƙarƙashin ruwa, a Masar ma ya bazu a kogin Nilu tun shekarun 1980.

Janairu: dabarun jinin mutum

Wanda ya koya mata ɗibar jini wani dattijo ne ma'aikacin ɗakin gwajin, wanda ya yi shekaru a lab ɗin asibiti kafin ya dawo jami'a. Kowa Baba yake ce masa. Hannunsa ya faɗa a kan ƙirgar fararen ƙwayoyin jinin mutum, don haka da abin da ya saba ya fara.

Ranar 9 ga Janairu suka soka allura a tattausar fatar da ke gindin ƙafar tafiya, inda ɓawo bai rufe ba, da busasshen sirinji mai mililita 1, da nufin juye jinin a kwalba irin ta asibiti mai sinadarin EDTA, wanda ke hana jini daskarewa. Jinin bai kai kwalbar ba. Kafin ta zare allurar ya riga ya kama. Ta danna sirinjin ya ƙi, da ta matsa da ƙarfi sai wani abu mai yauƙi ya faɗo a dunƙule. Da aka bar shi a kan tebur ya soma yin baƙi.

Suka ɗauraye sirinjin da hefarin, maganin da ke hana jinin mutum daskarewa. Bai hana komai ba. Suka ƙara sauri, ɗaya na riƙe da dabbar ɗaya na ja, har suka riƙa samun ɗan abin da ya isa kwalba. Baba ya sirka shi da ruwan Türk, na ƙirgar fararen ƙwayoyin jini, kashi 1 cikin 20, yadda ake yi wa jinin mutum, aka ɗiga a gilashin ƙirga na Neubauer.

Wannan gilashi, ga wanda bai taɓa riƙe shi ba, kauri gare shi, an zana masa raga a tsakiya mai faɗin milimita 3 kowane gefe, an raba ta manyan murabba'ai 9. Tsakanin ragar da murfin gilashin da ake ɗorawa akwai tazarar milimita 0.1, saboda haka kowane babban murabba'i yana ɗauke da maikirolita 0.1 na ruwa. A ƙirga ƙwayoyin murabba'an kusurwa huɗu, a ɗauki matsakaicinsu, a ninka da yawan sirkin da aka yi, a sake ninkawa da 10,000, an sami adadin da ke cikin mililita ɗaya. Ƙwayar da ta hau layin sama ko na hagu ana lissafa ta, ta layin ƙasa da na dama a bar ta.

Abin da ta gani a maikiroskof gudaji ne, kamar kunun da ba a dama da kyau ba: nan curi mai ƙwayoyi da yawa a manne, can fili fayau. Ƙwayoyin da ke a ware ba su wuce biyu ko uku a murabba'i ba. Samfur ɗaya, ƙirga biyu, sai ta biyun ta ninka ta farkon sau uku.

Ta zargi maikiroskof ɗin, ta koma wani. Baba ya zargi ƙurar hunturu, kuma ba a rasa gaskiya a maganarsa ba, don ƙurar da ta sauka a raga tana iya kama da ƙwaya. Suka riƙa goge gilashin da sifirit suna rufewa. A nan ne ma aka gano ashe murfin da ake ɗorawa ba na gilashin ba ne. Na asalin, mai kauri, ya daɗe da fashewa, aka maye shi da siririn murfi na yau da kullum, wanda ruwa ke lanƙwasawa ya ɓata tazarar nan ta 0.1. Aka sayo na ainihi. Ragar ta fito tas, gudajin suna nan.

Fabrairu: ruwan hana daskarewa

Sai da ta ajiye sirinji ta koma karatu sannan abin ya fara warwarewa. Jinin mutum yana daskarewa ne ta wata doguwar sarƙa da ke ƙarewa a kan turombin, ita hefarin ke datsewa. Kirifish ba shi da wannan sarƙa. Nasa taki ɗaya ne: da zarar ƙwayoyin sun ji rauni ko sun taɓa baƙon abu, sai su saki wani enzayim, taransgulutamines, wanda in akwai kalsiyam yake ɗinke furotin ɗin daskarewa da ke cikin ruwan jinin nan take. Wato hefarin ba shi da abin kamawa. EDTA kuwa yana ɗaure kalsiyam, daidai ne, amma yana can manne a bangon kwalba, jini kuma ya gama daskarewa tun a cikin allura. Baƙin da take gani shi ma aikin ƙwayoyin ne: suna fashewa su saki wani enzayim, finoloksides, mai samar da baƙin launi na melanin, irin wanda ake gani a tabon rauni a ɓawon dabbar. Ruwan Türk kuma an yi shi ne don fasa jajayen ƙwayoyi, ga shi babu su a nan. Sirkin 1 cikin 20 rage 'yan ƙwayoyin da ke akwai kawai ya yi.

Ta sami haɗin da Kenneth Söderhäll na jami'ar Uppsala a Suwidin da Valerie Smith suka wallafa a 1983, wanda har yau shi aka fi amfani da shi ga wannan dangin halittu. A lita ɗaya ta ruwa: gulukos giram 18, sodiyam sitiret kusan giram 8.8, asid ɗin sitirik giram 5, EDTA giram 3.7, da gishiri, a daidaita tsaminsa a ma'aunin pH 4.6. Tsamin da rashin kalsiyam ne ke sa ƙwayoyin su natsu, kada su fashe. Ana zuƙar ruwan a sirinji tun kafin a soki dabbar, da sanyinsa, ta yadda ɗigon jini na farko a cikinsa zai faɗa.

Ranar 6 ga Fabrairu, karon farko, jini ya fito ruwa ya kuma zauna ruwa. Sai dai ƙwayoyin sun fito a tsuke, gefensu a yamutse, ba ka bambance wannan da waccan. Mako biyu tana ƙirga su a haka, tana ɗauka kamanninsu ke nan. Malamin ne ya buɗe littafin aikinta ya tsaya a kan layi ɗaya.

"Malama, dabbar nan taki a teku take zaune?"

"A'a, Dakta."

"To me ya kawo gishiri giram 26?"

Haɗin da ta kwafa na ƙaguwar teku ne, mai gishiri mola 0.45 (mola ma'aunin yawan sinadari ne a lita). Na kirifish ɗin ruwan daɗi mola 0.14 ne, kusan giram 8 a lita, saboda gishirin jininsa bai kai rabin na ƙaguwar teku ba. Ruwan da ya fi ƙwaya gishiri tsotse ta yake yi. Da aka gyara, ƙwayoyin suka fito a cike, wasu sumul, wasu cike da tsaba-tsaba masu ƙyalli.

Maris: gwajin farko

Ranar 4 ga Maris aka fara ainihin gwajin. Robobi huɗu, kowacce da kirifish 8: ɗaya ruwan burtsatse zalla, sauran an zuba musu ruwan majema kashi 5, 10 da 20 cikin ɗari. Bayan kwana 14, ranar 18 ga wata, aka ɗebi jini.

Ta fara da ƙarfe 9 na safe, roba bayan roba, daga mai tsaftataccen ruwa zuwa mai kashi 20. Kowane samfur ta juye shi a 'yar kwalbar gilashi ta jera a kwano mai ƙanƙara. Ɗibar ba ta ɗauki lokaci ba. Ƙirgar ce ta ci yini, don kowane samfur sai ya cinye minti takwas zuwa goma, kuma a jerin da ta ɗiba a shi ta bi. Wajen sha ɗaya aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, Baba ya jawo tsohon maikiroskof mai madubi zuwa bakin taga. Kafin Azahar ƙanƙarar ta zama ruwa. Kwalbar ƙarshe sai da ta yi fiye da awa huɗu tana jira.

Matsakaicin da ta samu a mililita: miliyan 1.4, sai miliyan 1.1, sai dubu 800, sai dubu 400. Kowane ƙarin ruwan majema da nasa ragin, tsaf. Ta zana jadawali a daren, da safe ta kai wa malamin da murnarta.

Ya daɗe yana kallon takardar. Abin da ya tambaya shi ne ƙarfe nawa aka ƙirga kowace roba. Da ta faɗa, sai ya ce ta ɗebi jinin kirifish ɗaya daga robar ruwan burtsatse, ta ajiye shi daidai yadda ta ajiye na jiya, ta ƙirga nan take, ta sake bayan awa 1, awa 2 da awa 4.

Ta samu miliyan 1.3, miliyan 1.1, dubu 800, dubu 500. Dabba ɗaya ce, ba ta taɓa shan ruwan majema ba.

"Baba, ku zo ku gani," in ji ta. Ya karɓi kwalbar ya ɗaga ta a haske, ya nuna mata wani farin hazo da ya kwanta a bangonta. "'Yata, ai ga ƙwayoyin naki nan, ba su mutu ba, gilashi suka kama."

Afrilu: gyaran hanya

Watan nan ba a taɓa ruwan majema ba. Aka yi odar sabbin dabbobi, su kuma tsofaffin aka riƙa gwada hanya da su.

Kwalaben gilashi aka fara sallama, don waɗannan ƙwayoyi mannewa a gilashi ɗabi'arsu ce. Aka koma ƙananan bututan roba masu murfi. Sannan aka daina barin ƙwayoyin da rai. Da zarar an zare allura, a ɗebi maikirolita 50 na jinin da ya gauraya da ruwan hana daskarewa, a zuba a maikirolita 50 na fomalin kashi 10 cikin ɗari. Fomalin yana sandarar da ƙwaya a siffarta, ba ta ƙara mannewa ko fashewa. Da aka maimaita gwajin malamin da irin wannan samfur, ƙirgar nan take da ta bayan awa 4 da ta washegari duk kusan ɗaya suka ba da.

Ita dabbar kanta ana kwantar da ita a kan ƙanƙara kamar minti goma kafin a soke ta. Tana lafawa, ba ta fizge-fizge, jinin ma bai cika saurin kamawa ba. Kullum da safe ɗalibar ke biyawa wurin mai ƙanƙara ta cika kula, don firjin ɗakin ba abin dogaro ba ne a bazara.

Rashin wutar ya jawo wata matsala da ba a zata ba. Wata safiya gudaji suka dawo ba dalili, sai da aka duba kwalbar ruwan hana daskarewar aka ga zare-zaren fumfuna na yawo a ciki. Ruwa ne mai sukari, ya kwana biyu a zafi. Kuma ba ƙazanta ce kawai ba: bangon fumfuna yana ɗauke da beta-gulukan, wanda na cikin abubuwan da suka fi tayar da ƙwayoyin jinin kirifish, ɗan kaɗan ya isa ya sa su fashe. Daga ranar aka riƙa haɗa mililita 100 kacal, a tace, a zubar bayan kwana uku.

Sai batun sirinji, wanda Baba ne ya gano. Tana zuƙar ruwan har alamar 0.1, ta ja jini har 0.2, ta ce sirki biyu ne. Amma bakin sirinjin da cikin allurar su ma cike suke da ruwan, kuma alamar ba ta lissafa su. Ya auna a sikeli, ya ga nasu na riƙe kusan mililita 0.06. Ke nan jini 0.1 yana cikin jimlar 0.26, sirkin 2.6 ne, ba 2 ba. Da fomalin ya zama 5.2. Duk lambobin da ta rubuta a baya sun gaza na gaskiya da kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

Misali daga littafinta na 24 ga Afrilu: murabba'an kusurwa sun ba da 31, 27, 35 da 29. Matsakaici 30.5. A ninka da 5.2, a ninka da 10,000, ya kama 1,586,000 a mililita. Tana cika ɓangarorin gilashin biyu ta ƙirga duka, don in ƙwaya 100 aka ƙirga, kuskuren da dace kawai ke jawowa ya kai kashi 10 cikin ɗari, sai an kai 400 yake sauka zuwa 5. A zafin digiri 40 ruwan da ke ƙarƙashin murfi saurin bushewa yake yi daga gefe, ya janyo ƙwayoyi su taru. Don haka minti biyun da ake ba su su kwanta, a cikin rufaffen faranti mai jiƙaƙƙiyar auduga ake yi.

Abu ɗaya bai yiwu ba. Littattafai sun kasa ƙwayoyin gida uku: marasa tsaba, masu tsaba kaɗan, da masu tsaba fal. Da maikiroskof ɗin da ke ɗakin, ko da an rina su da Giemsa, ita da Baba ba su taɓa yarda da juna a kan gida na tsakiya ba. Suka haƙura da gida biyu.

Mayu: gwaji na biyu

An fara ranar 5 ga Mayu da sabbin kirifish 32 masu girma kusan ɗaya. A wannan karon kowanne da 'yar robarsa, ana canja ruwa duk bayan kwana biyu. Ranar 19 ga wata aka ɗebi jini tsakanin ƙarfe 7 da 9 na safe. Ƙuri'a aka jefa don jerin ɗiba, Baba kuma ya rubuta wa bututan lambobin da shi kaɗai ya san ma'anarsu, bai ba ta takardar ba sai da ta gama ƙirga. Guda 3 da suka yi saɓa a cikin kwanakin aka ware su, tunda saɓa kanta tana motsa yawan ƙwayoyi.

Waɗanda ke ruwan burtsatse sun kama daga dubu 900 zuwa miliyan 2.5, matsakaici kusan miliyan 1.6. Na kashi 5 da na kashi 10 sun faɗa cikin wannan tazara, ba a iya raba su da na farkon ba. Na kashi 20 ne kaɗai suka sauka a fili, matsakaici kusan miliyan 1.1. Da aka kammala, aka daskarar da duk dabbobin a firiza, aka ƙone su.

Hukunci

A ganina, a cikin duk abin da ya faru, ranar 18 ga Maris ta fi haɗari. Gudajin Janairu da tsukakkun ƙwayoyin Fabrairu ido yana ganinsu, ba wanda zai kai su gaban kwamiti. Jadawalin Maris kuwa ya fito da siffar da kowa ke tsammani, ya dace da abin da mutanen Kano suka riga suka yarda da shi game da ruwan majema, kuma da an wallafa shi ba lalle wani ya tambayi ƙarfe nawa aka ƙirga ba. Lokacin jira ne ya bi sawun yawan ruwan majema taki da taki, saboda an ɗiba kuma an ƙirga a jeri ɗaya. Fomalin ya kashe tasirin jiran, ƙuri'a ta raba abin da ya rage a kan kowane rukuni.

Ban ga laifin Baba a watan Janairu ba. Dabarun da ya kawo ingantattu ne ga jinin da aka ƙirƙire su dominsa, kuma shi ɗin ne ya kama murfin gilashi, hazon kwalba da bakin sirinji, abubuwan da karatu bai nuna wa ɗalibar ba. Inda aka yi asarar wata guda shi ne fara aiki kafin a san yadda wannan jinin ke daskarewa.

Sakamakon Mayu ya fi na Maris ƙanƙanta, kuma ko shi ɗin yana da iyaka. Dabba 7 ko 8 a rukuni sun yi kaɗan, ganin yadda lafiyayyu ma wani ke ninka wani kusan sau uku. Rashin ganin bambanci a kashi 5 da 10 ba shaida ba ce cewa ruwan ba ya cutarwa a wannan mataki. Ragin da aka gani a kashi 20 kuma ba za a ɗora shi a kan kuromiyam kai tsaye ba, don ruwan majema yana ɗauke da farar ƙasa, gishiri, salfayid da amoniya, yana kuma cinye iskar da ke cikin ruwa, ga shi ba a auna iskar robobin ba. Sannan Procambarus clarkii dabba ce mai jure ƙazamin ruwa, kuma ba 'yar kogunanmu ba ce. Wanda zai ɗora daga nan, ƙaguwar da ake samu a rafukan ƙasar nan ta fi dacewa da tambayar, amma sai ya sake gwada gishirin ruwan hana daskarewar a kan ƙwayoyinta, ya kuma maimaita ƙirgar awa 1, 2 da 4, kafin ya zuba ɗigon ruwan majema na farko.